Ruwa ya ci nawa, wuta ta ci na Kawu

Mu da muke noma a fadamar Galma, wajen Dakace, ba baƙin ruwa ba ne. Kusan kowace damina kogin yakan hau ya lashi kunyoyin da ke bakin gaɓa, ya koma kafin ya yi ɓarna, kuma tun wajen shuka muke sa wannan a lissafi. Na watan Satumban 2022 ne ya wuce lissafin kowa. Sama ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, Kubanni ta cika ta kawo nata, Galma ta rasa inda za ta kai shi sai gonakinmu. A lokacin shinkafata ta yi ciki, masarar da ke ɗan sama da ita ta yi goyo tana jiran bushewa. Da ruwa ya janye, shinkafar tana kwance cikin laka tana wari, masarar ta yi baƙi, wani gefen gonar kuma yashi ya binne shi har ba a gane iyaka.

A wannan shekarar ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, rabon da a ga irinta tun 2012. Jigawa da Kogi da Anambra da Bayelsa su ne a bakin rediyo, kuma sun cancanci haka, domin tasu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Layin neman tallafi a shekarar nan ta 2022 dogo ne, mu kuma can baya muke.

Wanda ya fara sa mu a hanya shi ne malamin gonarmu, ma'aikacin hukumar bunƙasa noma ta jiha a shiyyar Maigana, wadda tsofaffinmu har gobe KADP suke ce mata. Ya zo a kan babur, ya naɗe wando, ya ce kada kowa ya taɓa gonarsa tukuna. Maganar ta yi mana nauyi, domin manomi in ya ga ɓarna, hannunsa ke ƙaiƙayin ya share ya tsinci abin da ya rage. Ya ce, "Ku tsinci masarar da za ta ciwu, amma ku bar shaida. In kuka kwashe komai kuka nome, masu dubawa za su zo su ga fili, fili kuwa ba a rubuta shi a asara." Ya sa kowa ya ɗauki hoton gonarsa ta kowace kusurwa, mai gonar na tsaye a ciki, da wata alama da ba ta gusawa kamar bishiya ko turken lantarki. Ya ce mu rubuta girman gona, abin da aka shuka, watan da aka shuka, da buhun taki nawa aka zuba, kuma kada wanda ya ƙara gishiri, don ƙaryar mutum ɗaya takan sa a yi shakkar jerin sunayen gari guda.

Daga nan sai gidan mai unguwa. Muka je a ƙungiyance bayan la'asar, muka zube muka yi gaisuwa. Dattijonmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya yi mana ta'adi, mun zo a kai kukanmu gaba." Ya jajanta mana, ya sa magatakardansa ya buɗe littafi. Tsarin kuwa kamar yadda aka bayyana mana shi ne mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, rahoto ya isa sashen noma na ƙaramar hukuma, daga can ya wuce hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. In abin ya fi ƙarfin jiha ne hukumar tarayya, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, take shigowa. Duk wanda ya tsallake matakin farko ya tafi sakatariya shi kaɗai da takardarsa, za a karɓa, amma sai an dawo an tambayi mai unguwa ko ya san shi.

Cike fam ɗin shi ne inda mutane da yawa suka fara zubewa, ba don ba su yi asara ba. Ana son lambar katin ɗan ƙasa, lambar waya, lambar asusun banki da BVN, da hoto ɗan fasfo. A takarda abu ne mai sauƙi. A zahiri kuwa, akwai dattijon da a katinsa sunan mahaifinsa aka rubuta, a banki kuma sunan garinsu. Akwai wanda layin wayarsa da sunan ɗansa aka yi masa rajista, ɗan kuma yana Legas yana acaɓa. Akwai wanda bai taɓa buɗe asusu ba, kuɗinsa a akuya da buhun masara suke. Tun 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma aka fara turo saƙon taki ta waya, mun san cewa wanda layinsa ya mutu rabonsa ya mutu, amma har yanzu ba kowa ke iya riƙe layi ɗaya shekara da shekaru ba. Ni da wasu samari biyu da suka yi boko muka zauna a zauren mai unguwa muna gwada katin kowa da sunan bankinsa harafi bayan harafi. Waɗanda nasu ya saɓa, muka ce su rubuta yadda yake a katin ɗan ƙasa, su je banki a gyara tun kafin a zo rabo.

Ranar da masu tantancewa suka zo, na ga aiki na gaskiya, kuma ya kamata in faɗa. Sun shiga laka da ƙafarsu, suna auna gona da waya, suna tambayar maƙwabci ko iyakar da aka nuna haka take. Sai dai fadama tana da faɗi, rana kuma guda ce. Sun ga wasu gonaki, sauran suka dogara da littafin mai unguwa da hotunan da muka ɗauka. A nan ne maganar malamin gona ta yi mana rana.

A ranar ce kuma na ga abin da har yau yake ci mini rai. Da yawa daga cikin masu noma a bakin Galma ba su ne masu gonakin ba. Haya suke yi, ko aro, ko jingina, kuma kusan duk da baki ake ƙullawa, ba takarda. Maƙwabciyata ta gabas bazawara ce mai marayu, mijinta ya rasu ya bar mata hayar da ya riga ya biya. Ita ta sayar da tumakinta ta sayi taki, ita ta biya 'yan ƙwadago, babban ɗanta ke tsaye a kan aikin. Da aka karanto sunaye, sai muka ji na mai filin, mutumin da ko ƙwayar iri ɗaya bai jefa a wurin ba a daminar nan. Yaron ya tsaya yana kallon ƙasa, bai iya buɗe baki a gaban manya ba. Da dare muka koma wurin mai unguwa, na ce, "Allah ya ja zamaninka, filin nasa ne, ba mai musu, kuma filin yana nan bai tafi ko'ina ba. Abin da ruwa ya ci na matar nan ne." Ya aika aka kira mutumin, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ya yarda a cire sunansa a sa nata. Wannan an gyara ne saboda muna wurin, mun kuma san ta. Matan da ke cikin gida suna noma ta hannun 'ya'ya da ƙanne suna da yawa a ƙasar Zazzau, kuma fam ɗin da ke tambayar "mai gona" bai tambayi "mai shuka" ba zai ci gaba da tsallake su. Layi ɗaya kawai za a ƙara a takardar.

Bayan tantancewa sai shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya, domin ƙasa ba ta jira. Fadamar da ruwa ya kwanta a kai takan bar danshi da laka mai kyau, kuma daga Oktoba zuwa Nuwamba ne ake yafa irin tumatir da albasa da attaruhu, a tsara fangali, a fara dashe. Wanda wannan lokaci ya wuce shi ya yi asara biyu a shekara ɗaya. Ni dai ba ni da ko sisi, duk jarin yana cikin laka, ga bashin mai taki.

Abin da ya tashe ni ƙungiya ce. Tun shirin Fadama da aka faro a shekarun 1990 da kuɗin Bankin Duniya, wanda ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin bututu a Arewa, iyayenmu suka koyi cewa gwamnati ta fi son magana da ƙungiya mai rajista da asusu a kan mutum ɗaya. Tamu tana da takardarta, tana da littafin taro, kuma ko a shekarun da ba a samun komai ba mu daina zubi ba. Ta wannan hanyar malamin gona ya shigar da mu cikin wani shirin noman rani na rangwame: ka biya wani kaso, gwamnati ta cike sauran, a ba ka iri da taki. Kason nawa ma sai da ƙungiya ta ranta mini. Injin ban ruwa kuwa karɓa-karɓa muka yi, yau wurin wannan, jibi wurin wancan, wani lokaci da tsakar dare cikin sanyin hunturu ake ba ka naka layin. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma ya zo a watan da ake bukatarsa, kuma da shi na koma gona.

Tumatir ɗin ya nuna daidai lokacin da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira. A kasuwar Ɗan Magaji dillali ya ce sai dai ya tura maka ta waya, ko kuma ka karɓi tsabar kuɗi a farashin da ya ga dama. 'Yan tsinka da masu ɗaukar kwando su kuma tsaba suke so, don da ita za su ci abinci a ranar. Mun sayar da arha, amma na biya ƙungiya, na rage bashin mai taki.

Ina cikin faman noman ranin nan ne, a watan Disamban 2022, tun kafin tumatir ya nuna, wuta ta ci gonar kawuna da ke kan tudu ta hanyar Giwa. Ya gama yankan dawa ya ɗaure dammuna, ya tara waken suya yana jiran masu casa, ga harawar da yake ajiye wa shanunsa na huɗa. Wasu yara masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta a can nesa, iskar hunturu ta kwaso ta. Kafin mutanen gari su iso da ganye da bokitai, noman shekara ya zama toka. Ruwa yakan bar maka abin tsinta, wuta kuwa ko kara ba ta bari.

Washegari na je. Ya ce, "Ɗana, kai da ka san hanyar mutanen nan, ka kai ni." Na ce, "To Kawu, in sha Allahu." Na yi masa duk abin da aka koya mini: hotuna, girman gona, adadin dammuna kamar yadda masu ɗaurin suka shaida, sa hannun mai unguwarsu da na dagaci. Muka shiga ofishin da ya kamata, wani jami'i ya karɓe mu da mutunci, ya karanta takardar, ya buga mata hatimi, ya jajanta. Sannan ya faɗa mana gaskiya, cewa rabo yakan biyo bala'in da ya shafi jama'a da yawa lokaci guda, inda za a tura ayari a yi ƙidaya a nemi kuɗi. Gobarar gonar mutum ɗaya za a sa ta a fayil, in an samu hali a waiwaye ta. Har yau ba a waiwaye ta ba.

Wannan giɓi ne babba, kuma ban yarda ƙaramar magana ba ce. Ambaliya tana zuwa wata guda, ta ci gari guda, kowa ya gani, 'yan jarida su ɗauka. Gobarar daji tana ɗaukar mutane ɗai-ɗai ne daga Nuwamba har Fabrairu, yau a Giwa, gobe a Soba, jibi a Maƙarfi. In da za a haɗa su a littafi ɗaya a ƙarshen rani, da an ga cewa su ma gari guda ne. Tun 2011 akwai ƙa'idar gwamnatin tarayya da ta hana cinna wa daji wuta ba tare da izini ba, amma a ƙauye abin da ke aiki shi ne sulhu. An gano yaran, an tara iyayensu a gaban dagaci, kowanensu talaka ne irin Kawu. Suka kawo abin da suka iya, wanda bai kai ko kuɗin takin da ya zuba ba, shi kuma ya yafe sauran. Abin da ya ci da iyalinsa har damina ta zagayo daga dangi ya fito, da maƙwabtan da suka karkato da zakkar amfanin gonarsu gidansa, da gudummawar da aka tara a masallacin Juma'a.

Jami'in nan ne ya yi mana bayanin inshorar noma. Gwamnatin tarayya tana da hukuma ta musamman a kan haka, NAIC, tun 1987, kuma cikin abin da take ɗauka akwai ambaliya da gobara da fari da ƙwari. A kan amfanin gona irin su masara da shinkafa da dawa, gwamnati ce ke biyan rabin kuɗin da manomi zai zuba. Sharaɗin shi ne a shiga tun farkon shuka, kuma in ɓarna ta auku a sanar da wuri kafin shaida ta gushe. Ya ce mutum ya tambaya da bakinsa ko yarjejeniyar ta tsaya ga amfanin da ke tsaye a gona ne ko ta haɗa da wanda aka girbe aka tara, domin ba ɗaya ba ne. Yawancin manoman da na sani da suka taɓa shiga inshora, ta hanyar bashi suka shiga, musamman bashin Babban Banki na manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, inda aka riƙa cire kuɗin tun daga tushe, wasu ma ba su san an cire ba. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce sai ya tambayi malaminsa ko halas ne. Wannan tambaya tana zuciyar manoma da yawa a nan, kuma masu tallar inshora in suna son a shiga, su zo da amsarta, su yi bayanin tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, da ake da shi a ƙasar nan, su daina ɗaukar ta a matsayin jahilci.

Saƙon rabon ambaliya ya shigo wayata bayan damina ta 2023 ta kankama, masara ta kai gwiwa. Aka tara mu a wani filin makaranta tun safe, kowa da katinsa. Ana kiran suna, a duba fuska, ka dangwala yatsa, a miƙa maka takarda ka kai wurin mota. Na samu taki da irin masara da maganin feshi da ɗan kayan abinci, wasu aka haɗa su rukuni aka ba su injin ban ruwa. Maƙwabciyata ta zo da kanta cikin hijabi, aka kira sunanta, ta dangwala. Waɗanda sunansu ya saɓa da na katinsu kuma ba su gyara ba aka ce su koma gefe, wasunsu har aka tashi ba a kai kansu ba.

A bakin ƙofa 'yan sari na tsaye da kuɗi a hannu, suna saye a ƙasa da farashin kasuwa. Na ji masu cewa manoma ba su da godiya, an ba su sun sayar. Ni ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya riga ya yi shuka da irin da ya ciwo bashi, me zai yi da irin da ya zo bayan an yi noman farko? Mai bashi na jiransa a gida. Takin ya yi mini amfani sosai, na zuba shi a zubi na biyu. Irin kuwa ajiye shi na yi. Masu injin suka tarar da wata matsalar, domin tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ban ruwa ya zama sai mai ƙarfi.

Na gode da abin da na samu, kuma na san daga dukiyar jama'a ya fito. Amma da za a tambaye ni, sai in ce a raba tallafin gida biyu. Abinci da tabarma da magani su zo a makon farko. Iri da taki da injin su zo kafin ƙarshen Nuwamba, ko da rabin abin da aka yi niyya ne. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar kula da koguna ita ma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Tunda an san inda ruwa zai bi, ana iya rubuta manoman wurin tun kafin ya bi, ba sai an jira laka ba.

Kuma irin da za a raba ya dace da ƙasar. Muna zaune kusa da Samaru, inda cibiyar binciken noma ta IAR take tun 1922, ga NAERLS mai horar da malaman gona a gefenta, duk a Jami'ar Ahmadu Bello, amma sai bayan ruwa ya cinye ni na ji labarin FARO 66 da FARO 67. Irin shinkafa ne da aka fitar a 2017, wanda ke iya jure nutsewa cikin ruwa har kusan mako biyu ya sake miƙewa, musamman in bai kai ga yin ciki ba. Yanzu shi nake sawa a ɓangaren da ya fi kwari, masara kuma na koma mai saurin nuna cikin jerin SAMMAZ na Samaru, don in cire ta kafin ruwan Satumba ya yi ƙarfi.

A garin su Kawu an dawo da gayyar share gefen gonaki da zarar an fara kaka, a nome ciyawa a bar fili tsirara mai faɗi tsakanin daji da inda ake tara amfani. Shi kuma ya daina barin dami ya kwana da yawa a gona, ko da zai biya mota da tsada.

Mu a ƙungiya mun buɗe littafi na dindindin. Kowace shekara kafin shuka ana rubuta sunan mutum yadda yake a katinsa, lambar wayar da ke hannunsa, inda gonar take, abin da zai shuka, da kuma ko tasa ce ko haya ce ko aro. In haya ce, mai filin yana sa hannu cewa shukar ba tasa ba ce. Kwafi ɗaya yana wurin mai unguwa, ɗaya wurin malamin gona. Wasu masu filayen sun ƙi sa hannu da farko, suna tsoron kada takardar ta zama hujjar ƙwace musu gona wata rana, sai da mai unguwa ya sa aka ƙara layin da ya ce filin na mai shi ne kuma hayar ta damina ɗaya ce. Waɗanda suka rage mana yanzu su ne masu zuwa daga wasu garuruwa su kama hayar rani bayan an rufe littafi, kuma a taronmu na gaba za a yanke ko a buɗe musu shafi na daban a watan Oktoba.